Karen Wa Ne? Ai Na Yara Ne

A Wagini babu mai kare. Ka zaga garin nan tun daga bakin kasuwa har gidajen bayan gari, ka yi sallama ƙofa-ƙofa kana tambayar masu gida ko akwai mai kare, amsa guda za ka yi ta samu: "Subhanallahi! Ni da kare? Ai na yara ne." To ka bari a idar da sallar isha'i, ka bi ta lungunan nan ba fitila. A nan za ka san garin cike yake da karnuka, kuma kowanne ya san ƙofar da yake kwana da kaskon da ake zuba masa ƙanzo. Mu ke ba su ɗumamen da ya rage, mu ke gyara kwanciya mu ce alhamdulillahi in mun ji haushinsu da tsakar dare, amma da rana tsaka, gaban jama'a, ba mu san su ba.

Kare kan samu ubangida ne ranar da ya dawo daga farauta da zomo a baki. Ranar nan har gardama ake yi, wannan ya ce nasa ne tun yana kwikwiyo, wancan ya ce ai uwar a gidansa ta haihu. Yakan kuma samu ubangida ranar da wani ya jefe shi da hoge ya karya masa ƙafa, sai ka ga mutum ya fito yana huci, "wa ya taɓa mini kare?" Amma ranar da ya yagi ƙaurin yarinya mai talla, ko ya faɗa garke ya farke cikin ɗan akuya, to ranar ya zama maraya, ba uwa ba uba. "Wanga kare? Wallahi ni ma ganin shi nike yadda kake ganin shi. Biyo yara ya yi."

Da can karnukan ba su kai haka yawa ba. Na mafarauta ne, sai na Fulani masu bin shanu, sai ɗan abin da ba a rasa ba a gidajen gona. Tun da dajin Rugu ya zama abin da ya zama, lissafi ya sake. Wanda ya kwana a ƙasar Batsari ko ta Safana daga 2019 zuwa yau ya san darajar haushin kare. Lokacin da aka katse layukan waya a 2021, aka yi watanni ba ka iya kiran ɗan'uwanka a Runka ko Batsari ka ce masa ga 'yan bindiga nan tafe, abin da ya rage mana na sanarwa shi ne kare da kunnen 'yan sintiri. Ko bayan da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, har gobe kare ke riga kowa jin takun baƙo. Shi ya sa dattijon da a da ba ya yarda kare ya gilma ta inda yake shimfiɗa buzu, yau da bakinsa yake cewa a aika ƙauye a samo kwikwiyo. Amma fa na yara ne.

Wannan kunyar ba daga sama ta faɗo ba. Duk wanda ya durƙusa gaban malamin zaure har ya kai ƙarshen Risala ya ji cewa ba a ajiye kare a gida, a birni ko a ƙauye, sai don gadin shuka, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abin kai wa baka, ba ta nishaɗi ba. Ya kuma ji hadisin da ya nuna ladan mai ajiye kare ba bisa irin waɗannan dalilai ba yana raguwa kowace rana. Wa ke son ladansa ya riƙa zurarewa? Sai muka samo dabara irin tamu: kare ya zauna, lada ya zauna, a jingina abin ga yara, tunda su alƙalami bai hau kansu ba.

Rannan a rumfar mai shayi aka jefa wa Malam zancen. Ya kurɓi shayinsa ya ce ai mai Risalar kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan hijira, sai da ya ajiye kare. Masu sharhin littafin sun kawo cewa katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, ya samo kare ya sa gadi. Da aka tunatar da shi cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya mayar musu da cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, ba kare ba, zaki zai ɗaure a ƙofa.

Baba Maharbi ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. "Allah shi gafarta Malam, to mu nan Wagini ai sai zaki biyu da kura a bayan ɗaki."

"Ku ajiye," in ji Malam, "ban hana ku ba. Amma ku amsa naku ne. Littafin da ya ba ku izinin ajiyewa shi ya ɗora muku biyan ɓarna. Ba a ɗaukar rabin shafi a bar rabi."

Abin da ya tayar da zancen tun farko wata yarinya ce mai tallan awara da kare ya ciza a unguwarmu. Kun san yadda muke yi. Kafin uwar ta gama salati samari sun fito da gora da taɓarya, an bi kare lungu-lungu an kashe. Wata tsohuwa ta ce a tsigo gashinsa a ƙona a barbaɗa a bakin ciwon. Wani ya ce a'a, hantar za a ciro a gasa a ba ta. Aka yi tofi, aka ɗaure da tsumma. Mai karen, wato uban yaran masu kare, ya aiko da ɗan kuɗin allura wajen mai kemis, ya ce Allah shi sawwaƙe. Uban yarinya ya ce ba komai, tsautsayi ne, ai ana tare. Magana ta mutu kafin la'asar, kowa ya yaba da halin kowa.

Mutum ɗaya ne bai yaba ba, tsohon malamin dabbobin nan da ya yi ritaya ya dawo gida. Shi ya ce mana, "Kun kashe shaida." Kare in ya ciji mutum, in ji shi, ɗaure shi ake yi, a ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana goma. In ya kai kwana goman garau, to ranar da ya yi cizon babu ƙwayar cutar hauka a yawunsa, hankalin kowa ya kwanta. In ya sake hali, ya fara dalalar da yawu, ya ciji itace, ya ciji sarƙa, ko ya shanye ya mutu, an san inda aka kwana. In kuwa dole ta sa aka kashe shi, kan ake cirewa a kai gwaji, irin wanda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, kuma ita ke haɗa allurar rigakafin karnuka a ƙasar nan. Mu kuwa mun rotse kan, mun jefar a kwazazzabo, yara sun jagwalgwala gawar da hannu suna neman hanta.

Ya ce kuma ba a zama jiran kwana goman a naɗe hannu. Nan take ake wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, a yi ta kwarara kamar minti goma sha biyar, sannan a nufi asibiti ranar, a Batsari ne ko sai an dangana da Katsina, a fara allurar haukan kare. Wadda mai kemis ke yi ta sandarewar wuya ce, tana da amfaninta, amma ba ruwanta da hauka. Abin da ke yaudararmu shi ne ciwon yakan warke sumul, a yi wata biyu ko uku, wani lokaci har kusan shekara, kowa ya manta. Sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi, ya ga ruwa ya firgita, maƙogwaro ya shaƙe. A lokacin ba wanda zai tuna da kare. Sai a ce iska ce, ko jifa, a kira mai ruƙiyya. In alamun nan sun bayyana kuwa likita ba shi da abin yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum dubu 59 ke mutuwa da cutar duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Wato masu talla da masu kiwo da masu zuwa ɗiban ruwa, waɗanda tsayinsu bai wuce bakin kare ba.

A nan ne yaron nan da ya yi karatun shari'a a Zariya, wanda muke tsokana da Lauya, ya gyara zama. Dama tun ɗazu bakinsa ke motsi.

"Baba, kun san akwai dokar kare a ƙasar nan?"

"Dokar mi?"

"Dokar kare."

Mai shayi ya ajiye buta. "Kai ɗan nan, mu da ba mu ga dokar ɓarawon shanu ta yi aiki ba, ta kare za ka kawo muna?"

Amma yaron bai yi ƙarya ba. Tun zamanin Turawa aka yi ta, ta fara aiki a 1943, ta shiga kundin dokokin Jihar Arewa, jihohi suka gada. Ta yi maganar lasin, da lambar da ake rataya wa kare a wuya, da ikon hukuma na kama karen da ke gantali, da wajibin mai kare ya killace shi ya kai rahoto in ya ga alamun hauka, da ikon gwamnati na ayyana yanki a matsayin mai cuta ta ce kowa ya ɗaure nasa. Tsarin mulkin 1999 kuma, a jadawalinsa na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya sa kula da ajiye dabbobin gida irin su kare da yawonsu a hannunta, a jeri guda da lasin keke da amalanke da rumfunan kasuwa. Dokar haraji ta 1998 ma ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar kuɗin lasin dabbobin gida. Haukan kare kuwa yana cikin cututtukan da dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta wajabta a kai rahotonsu, tun ta 1988 har wadda ta maye gurbinta a 2022.

Tsofaffin rumfar suka shiga tuna baya. An tuna lasin keke, da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a jiki. An tuna na rediyo, an tuna duba-gari mai leƙa randa, an tuna haraji har zuwa ranar da Balarabe Musa ya soke shi muna tsohuwar jihar Kaduna. Babu wanda ya tuna ya taɓa ganin kare da lamba a wuya a Wagini. Baba Maharbi ya ce in ban da laya da shi ya ɗaura wa wata karyarsa don kaifin hanci.

Ni dai a ganina lasin ba shi ne gundarin zancen ba. Abin da ya kamata ya hana mu barci yana cikin kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960. A can aka ce wanda ya yi sakaci da dabbar da ke hannunsa, yana sane ko da ganganci, har ta zama haɗari ga ran mutum ko ta iya yi masa mummunan rauni, ya yi laifin da ake ɗauri ko tara a kansa. Lauya ya ja hankalinmu ga abu biyu. Ba sai karen ya yi cizo ba, sakin mugun kare a hanyar mutane shi kansa laifi ne. Sannan ba a tambayi wa ya saya ko wa ya raɗa masa suna ba, a hannun wa yake aka tambaya. Alƙali ba zai aika wa yaro ɗan shekara bakwai sammaci ba. Tambaya zai yi: a gidan wa yake kwana, tuwon wa yake ci? Nan "na yara ne" ta ƙare.

Sai ya ba mu labarin wata shari'a da aka yi a Legas a 1965, tsakanin Daryani da Njoku, wadda ɗaliban lauya ke haddacewa har yau. A ƙa'idar da muka gada daga Ingila, ba a kama mai kare da diyyar cizo sai in an tabbatar ya san karen nasa macijiyi ne. Mai karen ya ce shi bai sani ba. Sai aka gano karen ya taɓa cizon 'yar aikin gidan, kuma an gaya wa matarsa. Kotu ta ce abin da matar gida ta sani game da karen, mai gida ya sani. Ya biya.

Rumfa ta yi tsit, sannan aka fashe da dariya, don kowa ya tuna abin da ke cikin gidansa. A garin nan akwai abin da mata ba su sani ba game da karnuka? Su ke zuwa rijiya da sassafe, su ke aiken yara, su suka san lungun da ba a bi da kwanon nama. A gidan suna da gidan biki an gama lissafa mugayen karnukan Wagini kaf, da masu su, da waɗanda suka ciza. Wani a gefe ya ce, "Ashe mun daɗe da shiga uku ba mu sani ba. Ni kullum sai ta gaya mini, ina cewa surutun mata ne."

Malam bai yi dariya sosai ba. Ya ce abin da kotu ta faɗa a Legas, Shehu Halilu ya riga ta a Muhtasar da ɗaruruwan shekaru. A babin jini ya kawo maganar kare macijiyi wanda aka riga aka gargaɗi mai shi. In mutum ya ajiye irin wannan kare da nufin ya halaka wani takamaimai, kuma ya halaka shi, ƙisasi ne, kamar ya sa wuƙa. In ba da wannan nufin ba, diyya ce. Masu sharhi suka ƙara bayani: wanda ya ajiye kare bisa dalilin da shari'a ta yarda, kamar gadin gona, ba a kama shi sai in an gargaɗe shi gaban shugaba ko gaban shaidu, ya yi kunnen ƙashi. Wanda kuwa ya ajiye ba bisa dalili ba, biya ya hau kansa ko ba a gargaɗe shi ba. Kotunan shari'a da jihar Katsina ta dawo da su tun shekarar 2000 da littattafan Malikiyyar nan suke aiki, ba sai an je Legas ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Dokar boko da ta littafi duk sun rataya a kan abu ɗaya, gargaɗi, mu kuwa shi ne abin da ba mu iya yi. Yaya za ka ɗauki shaidu biyu ka tsaya ƙofar wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, wanda ya ba ka aron garma da damina, wanda ƙanwarsa ke auren ɗan wanka, ka ce masa karenka mugu ne, na gargaɗe ka? Sai dai habaici. Sai dai ka ce, "Kai, wanga kare naku akwai ƙwazo," shi kuma ya ce, "Ai wasa yake, ba ya cizo." Kowane kare a garin nan ba ya cizo, har ranar da ya ciza. Hausawa sun ce in ka ga kare yana sunsunar takalmi ɗauka zai yi, amma mu sai mu tsaya muna kallo, don takalmin maƙwabci ne kuma karen na maƙwabci ne. Alhali aikin nan ba mai wuya ba ne, kuma an tanadi mai yin sa. Ka je wa mai unguwa ka ce ranka ya daɗe, ga abin da ake ciki. Shi ya kira mutum gaban dattawa biyu ya ce ɗaure karenka da rana, ka sake shi bayan isha'i in sawu ya ɗauke. Ba faɗa, ba ofishin 'yan sanda. In ya ƙi, magana ta hau gaba wajen magaji, ranar da abu ya faru kuwa ba mai cewa bai ji ba.

Abin mamaki, a kan shanu da awaki mun iya wannan tsarin sarai. Yaro ƙarami ya san hukuncin da ya zo a Muwaɗɗa game da raƙumar Bara'u ɗan Azib: mai gona ya tsare gonarsa da rana, ɓarnar da dabba ta yi da dare mai dabba ke biya. Akuya ta ci rogon mutum, an san a kama ta a kai gidan mai unguwa, a je a kimanta ɓarna, a biya. Ba wanda ya taɓa cewa akuyar ta yara ce. Kare kaɗai muka cire daga lissafi, ga shi kuwa akuya ganye take ci, shi naman mutum.

In haƙuri ya ƙare kuma, maimakon gargaɗi sai mu koma shinkafar ɓera. A cusa a cikin ƙashi a jefa ta katanga da dare. Da safe a ga kare a sanƙare, tare da kajin wani da magen wani da ba su ji ba su gani ba. Malam ya ce wannan ma akwai hukuncinsa a Risala: wanda ya kashe karen da shari'a ta yarda a ajiye, ƙimarsa ta hau kansa. Lauya ya ce kundin laifuffuka ma ya hana azabtar da dabbar gida. Baba Maharbi ya ce shi in aka kashe masa Duna ba kuɗi zai karɓa ba, sai an nemo masa mai hanci irin nasa, kuma babu shi daga nan har Jibiya.

Sunayen ma ai wata fitinar ce. Mu kan raɗa wa kare sunan da muke son maƙwabci ya ji: Ba-ruwanka, Sai-kun-gaji, Ta-Allah-ba-taku-ba. Mutum ya tsaya ƙofar gida da magariba yana ƙwala wa karensa kira, alhali da kishiyar uwarsa yake. Lauya ya ce mu yi hattara, a 2016 an gurfanar da wani ɗan kasuwa a Sango Ota ta jihar Ogun don ya sa wa karensa suna Buhari, ya rubuta a jikinsa ya zaga unguwa da shi, aka tuhume shi da neman tayar da fitina. Mai shayi ya ce wannan da a Katsina ya yi, kotun ma gata ce.

Akwai karnukan da da gaske ba su da mai su, su ne suka fi ba ni tsoro. Ƙauyuka nawa suka tashi a yammacinmu, mutane suka kwashi abin da hannu ya iya ɗauka suka yi Batsari, suka yi Katsina, wasu suka tsallaka Maraɗi? Ba wanda ke gudun tsira da kare a kafaɗa. Suna nan a kufai suna hayayyafa, suna cuɗanya da dila da sauran namun daji, yunwa ta koro su bakin gari da dare, su yi faɗa da namu a kan juji. Wanda zai kawo hauka cikin gari daga cikinsu zai fito, ya ciji na gida, na gida ya ciji ɗan gida. Waɗannan babu wanda za a gargaɗa a kansu. Aikin hukuma ne, kuma shi ne ainihin abin da aka ba ƙaramar hukuma iko a kansa.

Sai kuma masu saye. Kowa ya san su, sukan zo da keji da ɗan ƙarfen kama wuya, su tara su yi kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato, daga can a loda manyan motoci zuwa Kalaba da Akwa Ibom. Mu da muke cewa ba mu da kare, ranar da suka zo sai ga shi muna taya ciniki ta bakin yara. Wanne muke fara miƙawa? Wanda ya fara cizo, ko wanda muka ga take-takensa sun sake. Malamin dabbobi ya ce wannan ya fi kashewar muni, don ka ɗauki abin da kake zargi ka sa shi a keji da wasu hamsin, ka tura wa mahauci a wata jiha ya sa hannu a bakinsa. Malam ya ce dama mashahurin zance a mazhaba hana cinikin kare ne, ko da yake Sahnunu ya halatta na wanda aka yarda a ajiye, amma ko Sahnunu bai ce ka sayar da mai aibi ka ɓoye aibin ba.

Daga ƙarshe aka dawo kan allura. Masana sun ce in aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan wuri rigakafi duk shekara, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa, kuma kuɗin yi wa kare bai kama ƙafar na yi wa mutum bayan cizo ba. Duniya ta sa wa kanta 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa da haukan kare, ana kuma gangami duk ranar 28 ga Satumba, ranar da Louis Pasteur ya rasu, Bafaranshen da ya fara yi wa wani yaro allurar a 1885. Lauya ya ce a fara da rubuta sunaye wajen mai unguwa, kowane gida da karensa. Nan take aka yi masa ca. A garin nan in ka ga an fito da biro da littafi, to kuɗi za a nema, kuma ranar za a wayi gari karnuka duk sun tafi ziyara ƙauye.

Baba Maharbi kuma da nasa ƙorafin. Ya ce allura tana kashe wa kare zuciya, ta dushe masa hanci. Malamin dabbobi ya rantse masa ba haka ba ne, ya ce karnukan 'yan sanda masu shinshino ƙwaya a filin jirgi duk da allurarsu. Damuwarsa shi daban ce: maganin sanyi yake so, ba a yawo da shi gida-gida cikin ranar Wagini, dole a tara karnukan wuri ɗaya da safiya ɗaya.

"Ka tara karnukan garin ga wuri guda?" in ji mai shayi. "Yaƙi kake nema."

Baba ya yi shiru yana shafa gemu. Can ya ce ai akwai ranar da suke taruwa ba su yi faɗa ba. Ko da yake yanzu ba a kutsawa cikin Rugu kamar da, sai gefe-gefe, har yau da rani in aka buga gangar farauta kowane kare yakan fito bayan mai shi, da igiya a wuya, kuma a ranar ba mai jin kunyar riƙe igiyar. In malamin zai zo bakin gari da akwatin ƙanƙararsa kafin a tashi, shi zai sa a jera su, nasa ne na farko.

"Amma da sharaɗi, Malam. Ka zo da asuba, kuma kada ka sanyo farar rigar nan taku ta aiki. Karnukana ba su shiri da ma'aikacin gwamnati."